Ruwa Ɗaya, Masu Ƙishi Biyu: Baƙi da Namun Daji a Yankari

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

 Wannan shi ne filinmu na faɗakarwa kan muhalli.  Na gida da na kasuwa, da direbobin da ke kan hanya, da makiyayan da suka rataya rediyo a kafaɗa, kowa ya gyara zama, yau ƙasar Bauchi muka nufa.

Wanda ya baro garin Bauchi ya kama hanyar Gombe, idan ya kai Dindima sai ya karkata ya yi kudu. Tafiya ta yi tafiya sai ga shi a ƙofar Mainamaji, bakin gandun dajin Yankari ke nan, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. Daga ƙofar kuma akwai sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai kafin a isa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake. Faɗin gandun ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a shi a watan Disamba na 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta mai da shi gandun ƙasa, a 2006 kuma ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi. Shekara sittin ke nan da ɗoriya mutane na shiga wannan daji don kallo.

Tambayar da ta kawo mu yau ita ce, yaya za a yi mutane su ci gaba da shiga, dajin kuma ya ci gaba da zama daji? Ni a ganina amsar tana bakin ruwa, don haka bari mu sauka can.

Akwai kogi da ya ratsa tsakiyar Yankari, ana ce masa Gaji. Da damina ba ruwan namun daji da shi sosai. Ko'ina akwai kududdufi, ciyawar gamba ta fi tsayin mutum, dabbobi sun bazu cikin daji kowa ya kama gabansa. Baƙon da ya je a lokacin zai iya wuni cur yana zagaye, bai ga komai ba sai ganye. Amma da zarar kaka ta wuce, hunturu ya busa, kududdufai suka ƙafe, ciyawa ta bushe ta kwanta, sai labari ya sake. Gaji ba ya ƙafewa, saboda idanun ruwa ne ke ciyar da shi. To sai ka ga giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo duk sun gangaro wannan kwari guda, ga dorina da kada a cikin ruwan, ga zaki yana laɓe a gefe yana jiran rabonsa. Dole ce ta kawo su. Babbar giwa kan sha ruwa fiye da lita 100 a wuni, a bazara kuwa ba ta da inda za ta same shi sai nan.

Yaushe baƙi suka fi zuwa? Daidai wannan lokaci, daga Disamba zuwa Afrilu, domin a nan ne ake da tabbacin ganin dabbobi, ga hutun ƙarshen shekara, ga hanyoyin cikin daji sun bushe. Ashe kun ga, duk faɗin nan na Yankari da na ambata, wurin da mutum da dabba ke haɗuwa ɗan siriri ne, kuma suna haɗuwa a watannin da dabbar ta fi galabaita. Mai kallo ya zo ne don nishaɗi, idan bai gani yau ba ya dawo baɗi. Ita kuwa uwar giwa da ta taso ɗanta tun daga nesa cikin zafin Maris, idan ta tarar da motoci sun tare mata mashaya, ana ta ihu ana danna hon don ta ɗago kai a ɗauki hotonta, abin da za ta yi shi ne ta ja da baya ta koma cikin duhuwa, ta jira dare. Ɗan nata da ƙishinsa zai wuni. Idan abin ya yawaita, garken ya koyi darasi: sai ya daina zuwa ruwa da rana ɗungum. Daga nan baƙin da suka zo bayanku su yi ta zagaye ba giwa ba dalilinta, su koma gida suna cewa ai Yankari ba komai a cikinta.

Wannan ba a kanmu aka fara ba. A gandun Masai Mara na ƙasar Kenya akwai wata dabba mai kama da damisa, wadda ta fi kowace dabba gudu a doron ƙasa. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya gano cewa iyaye mata na wannan dabba da ke zaune inda motocin 'yan yawon buɗe ido suka yi yawa ba sa iya raya 'ya'ya kamar takwarorinsu na wuraren da motoci ba su cika zuwa ba. Babu wanda ya harbe su, babu wanda ya ɗana musu tarko. Yawan kewaye su da motoci ne kawai ya hana su farauta da reno cikin natsuwa.

Saboda haka malam direba, da kai nake. Idan malamin daji ya ce kada a sauka daga hanya, ba mugunta yake yi wa fasinjojinka ba. Tayar motar da ta ratsa fadama tana murƙushe ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, tana danne ƙasa ta hana ciyawa tsirowa, sawun da ta bari kuwa idan ruwa ya sauka shi ne farkon zaizaya. Kuma duk inda mota ɗaya ta bi, gobe ta biyu za ta bi, jibi ya zama hanya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan baƙi da namun daji a gandun Yankari.

Mu hau sama kaɗan zuwa Wikki, domin nan ne zuciyar kowane baƙo take. Ruwa ne garai-garai mai fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, ɗuminsa na nan a ma'aunin zafi 31, dare da rana, rani da damina. Wanda ya taɓa shigarsa da asubar hunturu, tururi na tashi a kansa, ba ya mantawa. Akwai sauran idanun ruwa a gandun, irin su Dimmil da Gwana da Tungan Maliki, amma Wikki ne babbansu, kuma yana zubar da ruwa kimanin lita miliyan 21 a kullum. Ina ruwan nan yake tafiya? Gaji yake faɗawa. Ku riƙe wannan da kyau. Ruwan da ka yi wanka a cikinsa da hantsi, shi ne ɓauna za ta kafa baki ta sha a can ƙasa. Sabulun da ka cuɗa, da garin wankin da aka zuba don a ɗauraye rigar yaro, da ledar ruwan da aka sha aka jefar, da gorar lemo, da ƙunzugun jariri, duk hanyarsu ɗaya. Mu da muka san abin da leda ke yi wa tumbin akuya da saniya a cikin gari, mun sha ganin mahauta na zaro ta dunƙule guda, ba sai an yi mana dogon bayani kan abin da za ta yi wa gwambaza ba. Bambancin kawai, ita gwambaza ba mai kai ta wurin malamin dabbobi.

Ban ce kada a yi wanka a Wikki ba, Allah ya kiyaye. A yi iyo, yara su yi wasa, a ɗauki hoto. Amma sabulu da wanki a bar su sai an koma masauki, kuma duk abin da ka shigo da shi a leda, ledar ta koma cikin jakarka.

Sai maganar birai. Duk wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki zai ba ka labarin manyan biran nan da ake kira bika, wasu su ce gwaggon biri. Suna yawo a tsakanin ɗakuna tare da gadu, wato mugun dawa, kamar awakin gida. Sukan fizge ledar abinci daga hannun mutum, su leƙa taga, su shiga mota idan an bar gilashi a buɗe. Baƙi kan yi dariya, wasu su ji haushi su ce birai ɓarayi ne. To wa ya koya musu? Biri a dawa tsoron mutum yake yi. Ranar da wani ya miƙa masa ayaba don ya samu hoto mai kyau, ranar ya gane cewa hannun mutum na ɗauke da abinci. Na biyu ya ba shi biskit, na uku ya bar shara a buɗe. Kafin ka ankara ya daina jira a ba shi, ya koma ƙwace, kuma wanda ya fi sauƙin ƙwace wa shi ne ƙaramin yaro. Haƙorin bika kuwa ba na wasa ba ne.

Amurkawa sun sha wannan wahala kafin mu. Gandunsu na Yalosuton, wanda aka kafa a 1872, shi ake ɗauka a matsayin gandun ƙasa na farko a duniya. Shekaru da dama baƙi na miƙa wa manyan dabbobin nan da ake kira beya abinci ta tagar mota, har wuraren zama aka taɓa yi don a riƙa kallonsu suna cin shara a juji. Sakamakon shi ne mutane da yawa suka ji raunuka, dabbobin da suka saba da mutane kuma aka riƙa kashe su don kare jama'a. Sai wajen 1970 hukumar gandun ta rufe jujin, ta tsananta dokar hana ciyar da su. Abin da ke ƙona mini rai a irin wannan labari shi ne, mutum ne ke fara laifin da sunan tausayi, amma dabbar ce ke biya da ranta.

Yanzu wani zai ce, to malam, tunda baƙi na da wannan illa, me zai hana a garƙame ƙofar kawai a bar dabbobi su huta? Na sha jin wannan magana daga bakin masu kishin muhalli, kuma na san da kyakkyawar niyya suke yinta. Amma ban yarda da ita ba, kuma mu 'yan Arewa mun fi kowa sanin dalili.

Dajin Sambisa na jihar Borno, kafin sunansa ya zama abin firgita, gandun namun daji ne. Gandun Kamuku da ke kusa da Birnin Gwari yana cikin jerin gandayen ƙasa na Najeriya, amma wa zai ɗauki iyalinsa ya kai su can yawon buɗe ido a shekarun nan na 'yan bindiga? Daji ba ya zama fayau. Idan mai kallo ya daina zuwa, kuɗin shiga ya tsaya, hanyoyi suka toshe, malaman daji suka rasa man sintiri, akwai masu jiran wannan rana: maharba masu neman hauren giwa da naman sayarwa, da masu saran itace da ƙona gawayi, da garken shanun da za a kora ciki, a bayansu kuma waɗanda suka fi su sharri. Motar baƙi da ke zagaye safe da yamma, ko ba ta san tana yi ba, ido ce a kan dajin.

'Yan uwanmu na Nijar sun ga fuska biyun wannan al'amari. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, ake da ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 kacal suka rage. Aka tashi tsaye, samarin ƙauyuka suka zama 'yan rakiyar baƙi suna samun abin kai wa gida, manoma suka ga cewa dabbar da ke ɗan taɓa musu wake tana kuma jawo musu alheri. Yawansu ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji don su kafa sabon garke. Sai a watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu, direba da ɗan rakiya. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Ƙafar baƙi ta ɗauke, abincin 'yan rakiya ya yanke. Ba wanda zai ce raƙuman dawa sun amfana da wannan shiru.

Shi ma Yankari ya ɗanɗana. Akwai dabbobin da a da ake gani a cikinsa, yanzu sai labari, cikinsu har da raƙumin dawa da kyarkeci. Giwayensa, waɗanda ke cikin manyan garkunan da suka rage a Najeriya, an ƙiyasta ba su wuce 100 zuwa 150 ba. Zakoki 'yan ƙalilan ne. Ba masu ɗaukar hoto ne suka ƙarar da su ba, bindiga ce da tarko da guba. Akwai malaman daji da suka rasa rayukansu a hannun maharba a wannan gandu, suka bar marayu. A 2014 gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS kan kula da sintiri, aka kuma sanya wa wasu giwaye na'urar bin sawu a wuya don a san inda garke ya dosa. Bayan haka kisan giwaye don haure ya ragu ƙwarai. Irin wannan aiki kuɗi yake ci, kuma gwamnati ta fi saurin sakin kuɗi ga wurin da jama'arta ke zuwa suna yabawa.

Ashe baƙo dole ne. Abin da ya rage shi ne a san inda zai taka, da lokacin da zai taka, da yawan waɗanda za su taka tare.

Ƙasar Ruwanda ta bi wata hanya a gandunta na tsaunuka inda biran gorila suke. Kowane iyalin gorila, mutum takwas kaɗai ake bari su ziyarce shi a rana, kuma awa ɗaya tak za su yi a wurin. Tun 2017 baƙon waje na biyan dala 1,500 kafin ya samu wannan awa. Kashi 10 cikin ɗari na kuɗin da gandayen ƙasar ke samu ana mayar da shi ƙauyukan da ke kewaye, a gina makarantu da asibitoci da tankunan ruwa. Gorilar tsauni, da aka taɓa fitar da rai da ita, yau yawanta a duniya ya wuce 1,000.

Akwai abin ɗauka a nan, akwai na bari. Iyakance yawan mutane da tsawon lokaci, wannan abin koyi ne: a ce mota kaza ce za ta sauka kwarin Gaji da safe, kaza da yamma, kowacce da malamin daji a ciki, tsakar rana kuma a bar wa masu shan ruwa mashayarsu. A bar hayaniya da kiɗa da taron biki a sansanin Wikki, can cikin dajin kuma a ware inda ba mai shiga sai ma'aikaci. Amma tsawwala kuɗi har talaka ya kasa shiga, wannan ban goyi baya ba. Yaron firamare na Alkaleri ko Duguri ya fi kowane baƙon Turai haƙƙin ganin giwar ƙasarsu. Idan bai gan ta da idonsa yana ƙarami ba, abin da zai sani game da ita shi ne dabbar da ta tattake gonar babansa, kuma gobe shi ne kansila, shi ne mai unguwa, shi ne kwamishinan da takardar gandun za ta zo teburinsa. A caji baƙon waje daidai ƙarfinsa, a sassauta wa ɗan ƙasa, 'yan makaranta kuma a tsara musu ranakunsu, rukuni-rukuni, kada a jibge motoci goma a rana guda.

Maganar gona da na taɓo, kada mu wuce ta da sauri. Ƙauyukan da ke kewaye da Yankari su ne ke kwana da giwa. Garke ɗaya zai iya shafe gonar masara ko dawa cikin dare guda, wahalar damina sukutum ta tafi. An hana mutumin nan farauta a dajin da kakanninsa suka yi farauta, an hana shi kiwo da itace a ciki, sannan yana tsaye a bakin hanya yana ganin motocin baƙi na wucewa suna bulbula masa ƙura. Idan ba abin da ke shigowa aljihunsa daga waɗannan motoci, da wane baki za a ce masa ya tona asirin maharbin da ya kwana a ƙauyensu? Saboda haka 'ya'yansa ya kamata a fara ɗauka aikin gadi da rakiya, a sayi zuma da tabarma da kajin masauki daga hannun matansa, wani kaso sananne na kuɗin ƙofa ya koma rijiya da ajin makaranta a garinsu, kowa ya gani da ido. Kai ma baƙo kana da hannu a nan. Tsaya ka sayi abin hannunsu. Amma idan aka yi maka tayin naman daji a hanya, ko fata, ko ɗan biri a ɗaure, kau da kai, domin kuɗinka ne zai mai da maharbin cikin dajin gobe.

Wasu na ɗaukar duk wannan a matsayin tsarin Turawa. Mu duba gida mana. Garuruwanmu na da hurumi tun kaka da kakanni, filin da ba mai nomawa. A Argungu, ba a barin kowa ya yi su yadda ya ga dama a ruwan Matan Fada sai lokacin biki, shi ya sa ake samun manyan kifayen da duniya ke zuwa kallo. A tarihin Musulunci ma, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe filin Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Keɓe wuri da sa masa doka don amfanin jama'a abu ne da muka gada.

Lokaci na neman ƙwace mana. Malaman makaranta da ke shirin kai ɗalibai bana, da iyaye masu shirin hutu, ku yi wa yaranku bayani tun daga gida, kada a bari sai an isa ƙofar Mainamaji. Kowa ya riƙe jakar zuba shararsa. Abinci ya zauna a rufe a cikin ɗaki, kada a miƙa wa biri ko ɓawon gyaɗa. Idan an kai ku kogunan Marshall, ɗakunan nan da mutanen da can suka sassaƙa a jikin dutse, a kalla da ido, kada wani ya zaro ƙusa ya rubuta sunansa a bango. Idan kuma Allah ya yi muku gamon katar kuka tarar da garken giwaye na gangarowa Gaji, malam direba ka tsaya daga nesa, ka kashe inji, kada ka shiga tsakaninsu da ruwan. Yara su yi shiru. Za ku ji karyewar rassa tukuna, sannan babbar uwar garken ta fito ta ɗaga hanci ta shinshina iska. Idan ta natsu da ku, sai ƙananan su biyo bayanta.

A nan za mu dakata.   

(Kiɗan rufe shiri)